Ranar da Na Tsayar da Rabon Gado a Yauri

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labaran duniya, da ranar da aka fara aike na gaisuwar mutuwa ni kaɗai. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, ban daɗe da tarewa a gidan mijina nan Matameye ba, ga ƙaramin ciki ya fara turo zane. A ganina na gama zama mace. Na yi kwaleji, na taka lise, wato babbar sakandare, na yi aure, ga tukunyata ga murhuna. To me kuma ya rage?

Abin da ya rage shi ne uwar mijina ta yarda. Hajiya Mariya mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma a bakinta ba ni da suna sai "yarinyar nan". Yarinyar nan ta ɗora ruwa. Yarinyar nan kada ta ɗaga tulu. In ƙawayenta sun zo za a yi maganar manya, sai ta ce in je in duba miya (miyar da na sauke tun ɗazu). Abin yana ci mini rai, har na kai ƙara wurin maigidana. Ya yi dariya ya ce shi da gemunsa ma "yaron nan" take ce masa, in bi layi.

Ana nan sai aka aiko cewa Malam Ila ya rasu a Yauri ta nan kusa da mu, mijin Gwaggo Talatu, ƙawar Hajiya tun ta ƙuruciya. Ni ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, domin ba su samu zuwa bikinmu ba. Hajiya tana kwance gwiwarta ta kumbura, maigida kuma aiki ya kai shi Damagaram. Ranar sadakar uku ta kira ni.

"Yarinyar nan, ke za ki tafi a madadina. Bari in aika wa Iya Hanne ta maƙwabta ta raka ki, ita sun san ta."

"Haba Hajiya," na ce, "sai ka ce wadda za a kai makarantar lakwal ranar farko? Ai ni ma yanzu matar gida ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, matar gida. Ki ce musu ƙafa ce ta hana ni. Ga gero can na auna tiya biyu, ki kai musu na sadaka."

Na shiga ɗaki zuciyata fari ƙal, Allah ya yafe mini, kamar ba mutuwa aka yi ba. Na tsaya gaban madubi ina bita kamar mai shirin jarrabawa: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku dangana." Na sauke murya ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi, na koyi yadda ake girgiza kai sau biyu a yi shiru. Sannan na shiga gyaran shiga. Babbar mace ba ta zuwa gidan makoki da ƙyale-ƙyale, don haka na cire 'yan kunne da awarwaro, na goge kwallin idona, na zura wani koɗaɗɗen hijabi mai ruwan ƙasa har idon sawu. Geron kuwa, in ɗauke shi a ƙwarya a ka? Ai sai a ce 'yar talla ce aka aiko. Na juye shi a leda na cusa cikin babbar jakar tafiyata ta kayan lefe. (Mai karatu, in ka riga ka hango abin da ni ban hango ba, Allah ya ƙara maka basira. Ni dai a lokacin yaba wa kaina nake yi.)

A tasha na samu motar Yauri, da na sauka kuma ban sha wuyar gane gidan ba, ga maza nan cike a rumfa a ƙofar gida. Na sunkuyar da kai na wuce su da jakata. Tsakar gida maƙil da mata, wasu na daka, wasu na cura gumba. Aka nuna mini Gwaggo Talatu zaune a tabarma tana jan carbi, wata 'yar siririyar dattijuwa mai sanyin fuska. Na ajiye jaka, na durƙusa a gabanta, na buɗe baki zan fara karatun da na haddace.

Sai idona ya faɗa kan wasu takalma a bakin ƙofar turakar mamacin. Silifas ne na roba, dunduniyar ɗaya ta cinye ta gefe guda, an ɗaure igiyar ɗayan da waya. An jera su daidai, kamar mai su ya shiga ne zai fito.

Haka takalman Babana suka zauna a ƙofar ɗakinsa. Ya rasu shekarar da zan yi birbe, jarrabawar fita daga kwaleji, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya dafa kaina ya ce, "Ke ce babba, kada ki yi kuka a gaban ƙannenki." Ban yi ba kuwa. Na dafa abinci, na share gida, na ci jarrabawa, ana ta yaba mini hankali. Ashe kukan bai tafi ko'ina ba, wuri ya samu ya zauna yana jira. Bai ga ranar fitowa ba sai wannan, a garin mutane, a gidan mutumin da ban san ko fari ne ko baƙi ba.

Ba hawaye nake nufi ba, irin na natsuwa da malaman Islamiyya suka ce ba laifi. Kuka ne na 'yar yaye, da sheshsheƙa da majina, kafaɗuna suna rawa. Masu daka suka tsayar da taɓarya. Ina jin muryoyi sama-sama kamar wadda kanta ke cikin ruwa.

"Wannan fa daga ina?"

"Oho. Da jaka dai ta shigo."

"Dubi, ko ɗan kunne babu a jikinta."

"Da ma ni na faɗa, wannan zaman Daura ba na wake kaɗai ba ne."

Mai wannan maganar ta ƙarshe ita ce Baba Ladi, yayar mamacin, wata ƙaƙƙarfar tsohuwa da goro ya rine wa haƙora. Daga baya na ji cewa Malam Ila fataucin wake yake yi zuwa Daura, wani lokaci sai ya share wata bai leƙo gida ba. Ta matso ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, ɗago mu gan ki. Daga ina kike?"

Na ɗago zan amsa, abin da ya fito sai shaƙuwa. Ta sa yatsa biyu ta ɗage gefen hijabina, ta leƙa, ta sake shi a hankali.

"La ilaha illallahu. Har da ciki."

Gidan ya ɗauki salati. Ni kuwa har lokacin ban gane inda aka dosa ba, a zatona tausayin mai ciki suke yi, sai ma na ƙara ƙaimi. Baba Ladi ta nufi zaure da saurinta, jim kaɗan ta dawo tana sanar da mata cewa liman ya ce kada a taɓa ko allura a dukiyar mamaci sai an haihu, domin na ciki ma yana da rabonsa. Na hango wani magidanci a bakin zaure, babban ɗan mamacin, ya zuba mini ido hularsa a hannu.

Sai Gwaggo Talatu ta ajiye carbinta. Ta jawo ni ta kwantar da kaina a kafaɗarta.

"Ku daina kallon ta haka, ku ba ta ruwa," ta ce. "Ko wace ce, baƙuwata ce. In nasa ne abin da ke cikinta, ɗana ne. A shimfiɗa mata tabarma a ɗakina, mu yi takabar tare."

Kalmar takaba ce ta ɗauke kukan ɗif, kamar an rufe famfo. Na dubi kaina yadda suke ganina: baƙuwar yarinya ba ado ba kwalli, da ciki, da jakar zama, ta fi matar mamaci kuka. Na so ƙasa ta tsage in shige har jakar.

"Wallahi Gwaggo, ni matar ɗan Hajiya Mariya ce ta Matameye," na ce, murya kamar ta sauro. "Ita ta aiko ni, ƙafarta ke ciwo. Mijina yana nan da ransa, yana Damagaram. Gero ne a jakar."

Baba Ladi ba ta yarda da baki ba, sai da ta zuge jakar ta dumbuzo geron ta gani. 

"To ke don girman Allah," ta ce, "me ya haɗa ki da ƙanena da za ki zo ki fi mu kuka?"

"Takalmansa ne, Baba. Irin na Babana ne."

"Takalmi," ta maimaita tana duban mata. "Kun ji, takalmi. Mun kusa sa wa bawan Allah aure a kabari saboda takalmi." Ta juya wajen zaure ta ɗaga murya. "A gaya wa liman ya saki gadon, gero ne."

Gwaggo Talatu ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna motsi, dariya ta ƙwace mata a tsakiyar makokin mijinta. Sauran mata suka bi, kowacce na dariya tana istigfari. Can dariyar Gwaggo ta juye ta koma hawaye, ta riƙe hannuna gam, muka yi kukanmu a hankali ni da ita, wannan karon irin wanda aka halatta. Gaisuwar da na haddace kuwa, har na baro Yauri ban furta ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Kafin motarmu ta iso Matameye labarin ya riga ni ta wayar salula. Na tarar da Hajiya zaune ta miƙe ƙafa, tana ta ƙoƙarin ɗaure fuska abin ya ƙi.

"Sannu da zuwa, matar gida. Na aike ki gaisuwa, an ce saura kaɗan ki dawo mana da gona."

Na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta bari sai da na sha kunyata ta ishe ni, sannan ta ce, "Talatu ta ce tun da aka yi rasuwar kowa haƙuri yake ba ta, ke kaɗai kika taya ta kuka. Ranar arba'in ke take so ki koma. Amma tun daga bakin zaure ki fara faɗin ko ke matar wace ce."

Na koma, kuma har yau ina zuwa. Tsofaffin unguwar in sun hango ni sai su ce ga amaryar Malam Ila nan tafe. Shi kuwa bawan Allah ina sa shi a addu'a tare da Babana, ko ba komai na ɗan taɓa masa mutunci yana kwance ba ya iya kare kansa.

Yanzu in na ga 'yan mata masu irin shekaruna na wancan lokaci suna cika suna batsewa su manya ne, ba na yi musu dariya sosai. A wannan shekarun jiki ya kai, baki ya kai, amma akwai wata 'yar yarinya a ciki da ba ta gama sallamar mutum ba, kuma ba ta neman izini kafin ta fito. Shawarata ɗaya ce: in ta matsa sai ta fito a gidan mutane, ki roƙe ta ta dakata ki fara gabatar da kanki.