Ranar da Na Ƙosar da Mota da Baƙin Mai

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga Burumburum a cikin mota shanu suna jan ta ba. In na tuna, wani lokaci dariya ce take fara zuwa, sai kuma ta yanke, don ranar ba ta dariya ba ce.

Zamanin En'e ne, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Na daɗe ina aikin kuza a Riruwai, tun ina ɗaukar kwanon ƙasa a ka har aka ɗora ni a kan lebura. Baturen da muke ƙarƙashinsa yana da wata tsohuwar a-kori-kura, ni nake wanke ta, a haka har na koyi tuƙi a filin bayan sito. Da zai koma ƙasarsu sai ya sayar mini da ita da araha, don dai ta ga jiya ta ga yau. Ranar da zai ba ni makulli ya buɗe bonet, ya zaro wani siririn tsinken ƙarfe da ake auna baƙin mai da shi, ya nuna mini zane biyu a jikinsa. Ya ce da gurguwar Hausarsa mai ya riƙa tsayawa tsakanin zanen nan, kada ya sauka, kada kuma ya hau. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ai ka ji su. (Mutumin da yake auna sukarin shayinsa da ɗan cokali, har ya shafe bakin cokalin da wuƙa, me kake sa ran zai ba inji?) Na ɗauka rowa ce kawai aka yi wa zane don ta yi kama da ilimi.

Mu kuwa a gidanmu a Badafi ba a shafe mudu. Baba in zai ba maƙwabci dawa, sai ya cika mudu ya yi masa tozo har tana zubewa. Doki in zai yi doguwar tafiya, ba shi ake yi sai ya kawar da kai don kansa. Baƙo kuma in ya suɗe kwano, masu gida ne suka ji kunya, don alamar ba a ƙosar da shi ba ke nan. Da wannan tarbiyyar na zama mai mota. Watannin farko na bi maganar Bature, ba don na yarda ba, sai don baƙin mai ba a samunsa a kusa, dole mutum ya yi tattali.

Bayan kaka na koma gida da motata. Ba sai na ba ku labarin yadda nake tafiya a lokacin ba, ƙasa ma alfarma nake yi mata in na taka. Duk garin an zo kallo, amma Baba bai taɓa shiga ba. Ya dai zagaya ta sau ɗaya, ya ce Allah ya sa alheri, ya koma kan buzunsa. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka ko sunana ba ya faɗa, balle ya yaba mini a gaban mutane. Hakan ya riƙa ci mini rai, ina so ƙwarai in ga ranar da zai zauna a gefena.

Baba yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baffa Sale. Tun ina yaro suka saɓa a kan wata fadama ta gado, maganganu marasa daɗi suka shiga tsakani, Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Burumburum. Tun daga nan ba su sake haɗa ido ba. Ko suna ko biki, mata ne kawai suke zuwa. Ran nan da yamma sai ga Haruna, babban ɗan Baffa, a kan keke, ya yi wujiga-wujiga. Ya ce jikin Baffa ya yi tsanani, ya daina cin abinci, kuma ba abin da yake faɗa sai a kirawo masa ƙanensa su yafi juna tun yana iya magana.

Sai da Baba ya idar da sallar magariba, sannan ya ce a gyara masa jaki, da asuba zai kama hanya. Nan fa na ga ranata ta zo. Na durƙusa na ce ai ba girmana ba ne a ce da mota a ƙofar gida mahaifina ya hau jaki. Na ce jaki sai la'asar ko ma bayanta zai kai shi, mota kuwa ko da hantsi muka tashi, kafin azahar muna can. 

"To, in kana ganin za ta kai," in ji shi.

Haruna ya juya tun da asuba don ya kai musu albishir cewa Baba na tafe, kuma a mota.

Gari na wayewa na hau yi mata sabis. Ina da wani babban gwangwanin baƙin mai sabo dal da na yo guzurinsa daga Riruwai. Na yi juye, na zubar da tsohon, na fara ɗura sabo har ya kai zanen sama. Na tsaya ina kallon tsinken, na kalli gwangwanin da ko rabi bai yi ba, sai na ji abin ya yi mini ƙaranta. Yau motar nan mahaifina za ta ɗauka, zuwa wajen ɗan'uwansa da ke bakin mutuwa, sannan in ba ta awon Bature? Na yi bisimilla na ci gaba da zubawa. In zuba in auna, in zuba in auna, har tsinken ya jiƙe kusa da mariƙinsa, gwangwani kuma ya koma fanko. (Allah ya gani, har shafa mata bonet na yi, yadda ake shafa wuyan doki.) Zuciyata fes, ina jin na fita kunyarta.

Da na zo tayar da ita, ƙarfen murɗa injin ya yi nauyin da ban saba ji ba. Sai da maƙwabta suka taru suka tura sannan ta kama, ta turnuƙe ƙofar gida da wani farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Wani dattijo ya tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, ƙoshi ne, gyatsa take yi.

Baba ya fito da farar rigarsa ta sallah, ya cire takalmi kafin ya shiga, ya riƙe su a hannu. Muka kama hanya. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ni ne ƙarami. Ni ya kamata in fara zuwa tun tuni."

Tunda nake ban taɓa jin ya buɗe mini cikinsa haka ba. Na ƙara taka mota don in nuna masa bai yi kuskuren yarda da ni ba. Ita kuwa ƙarfinta sai raguwa yake yi. Hayaƙin bayanmu ya yi kaurin da ba a ganin hanya, warin ƙonannen mai ya cika mana hanci. Mun wuce rabin tafiya ke nan ta fara tari, ta yi shessheƙa, ta mutu a tsakiyar daji, rana a tsaka.

Na buɗe bonet na tarar ko'ina mai ne, yana kumfa yana tsiyaya ta duk wata kafa. Ko a lokacin ban gane ba. Na yi ta murɗa ƙarfe har tafin hannuna ya yi bororo. Abin da ya fi damuna har yau shi ne yadda na riƙa ce wa Baba yanzu za ta tashi, ya ɗan ƙara haƙuri. Da na faɗa masa gaskiya tun farko cewa ban san abin da ya same ta ba, da ya kama gabansa. Amma girman kai ya hana, shi kuma ya zauna a gindin wata ɗorawa yana jirana har lokacin azahar ya yi. Da ya sallame sai ya ɗauki sandarsa.

"Kai, ka taho in ta huce," ya ce, ya kama hanya a ƙasa.

Allah ya taimaka akwai ruga a kusa. Baba bai yi nisa ba sai ga wani dattijon Bafulatani mai suna Jauro, wanda tun ɗazu ya hango hayaƙi daga nesa ya taho, a zatonsa gobarar daji ce. Da ya ji abin da ke tafe da mu bai tsaya wata tambaya ba, ya koma ya jawo takarkarinsa, ya ɗora Baba, ya ja akala da kansa. Na tsaya ina kallon mahaifina a bayan takarkari, ni da na ce jaki ya yi masa kaɗan.

Sai da na zauna ni kaɗai hankalina ya dawo, na tuna zanen nan biyu. Na shiga ƙarƙashin mota na kwance noti don in rage man. Da yake ban yi shiri ba, sai ya tsinke mini a fuska, ya bi wuya ya wanke riga. Na rage dai, amma aikin gama ya gama, fulogai duk sun sha mai, ko tari ta ƙi yi. A rugar na kwana. Jauro ya dawo ya ce a bakin gari ya sauke Baba ya juyo saboda shanunsa, bai san abin da aka tarar ba.

Da safe ya haɗa mini bijimai biyu da igiya, aka ɗaura wa mota, don ba a barin ta a daji. Na shiga na riƙe sitiyari, su suna ja. Na wanke fuska da ruwa, amma baƙin mai ba ya jin ruwa, sai ma ƙara shimfiɗuwa da ya yi. A haka muka shiga Burumburum da hantsi. Ban san hanyar ta ƙofar gidan Baffa ta bi ba sai da muka sha kwana, na ga tabarmi a shimfiɗe, mutane a jere sun yi jugum. Nan na san an yi rashi.

Shanu ba su san zaman makoki ba. Daidai gaban jama'a suka ga dama suka tsaya, ɗaya ma har ya saki fitsari.  Na fito baƙi ƙirin, idanu kawai ake gani, na cire takalmi na durƙusa ina gaisuwa. Aka amsa mini a hankali, yadda ya kamata. Amma na ga wani tsoho ya rufe bakinsa da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, na kuma ga na kusa da ni ya janye gefen tabarmarsa a sace. Daga can baya wani ya ce sannu da zuwa, mai mota. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Haruna ne ya ja ni gefe ya ba ni labari. Baffa ya cika tsakanin azahar da la'asar. Baba ya iso ana fitowa da makara, ya samu sallah, shi ya sa ɗan'uwansa a kabari da hannunsa. Daga nan Inna Ladi, matar Baffa, ta sa aka kira ni cikin gida. Ba da niyyar ta ɓata mini rai ta faɗa ba, so take in san yadda Baffa ya ɗokanta. Ta ce tunda Haruna ya ce a mota za a zo, Baffa ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa, ya hana a yi daka a gidan, wai kada ƙarar turmi ta hana shi jin kukan inji. Da ya ga ƙarfinsa na tafiya sai ya bar saƙo cewa ya yafe, shi ma a roƙa masa yafiya.

Na sami Baba a bayan gida shi kaɗai. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi, tun daga zanen Bature har gwangwanin da na juye. Ina kuka ina faɗa. 

"Saƙonsa na yafiya ya iso ni, na ji a bakin mutane," ya ce. "Nawa ne bai ji ba."

Sai kuma ya dube ni sosai, abin da ba ya yi. "Ba da mugunta ka yi ba. Tashi ka nemi toka ka wanke fuskarka, mutane na kallo."

Bayan addu'ar uku ya koma Badafi a kan jakin aro. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, haka kuma bai sake shiga mota ba, tawa ko ta wani. Na san malamai sun ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yarda. Duk da haka na shekara da shekaru ina auna tafiyar jakin nan a raina, shin da Baba ya tashi da asuba, zai tarar da Baffa da rai? Wata rana lissafin ya ce zai tarar, wata rana ya ce ba zai tarar ba.

Daga baya na yi tuƙi na shekaru masu yawa, har yaran yanzu masu motoci sukan zo su tambaye ni yaushe ake juye, mai nawa ake zubawa, me ke sa hayaƙi. Nakan ba su amsa daidai gwargwado, in ƙara musu da abin da ba su tambaya ba. Nakan ce alheri ma yana da ma'auni, kuma in mota ta mutu da dattijo a ciki, kada su ce masa yanzu za ta tashi. Su faɗa masa ba su sani ba tun rana tana sama, ya nemi abin hawa.