Rasuwar 'Yar Tafi, Abokiyar Zaman Ɗakin Wankin Ƙoda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mu 'yan ɗakin wankin ƙoda, a madadin ɗan'uwanmu Direba da iyalinsa, muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Tafi, ƙaramar na'urar wasan gem da ta yi shekaru tana zaman jinya tare da mu. Ta cika ne a hannun maigidanta, a gadon da ke jikin taga, ana tsakiyar wanki, bayan ta sha fama da doguwar rashin lafiya.

Ga wanda bai san ta ba, baƙa ce, ba ta fi tafin hannu ba, gefenta na dama ya koɗe saboda babban yatsan Direba. 'Yarsa ta fari ce ta kawo masa ita, lokacin da likita ya ce ƙodarsa ta gaza, shi da tuƙin tanka sai dai labari. Da farko ƙin karɓa ya yi. Ya ce shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari, ba za a mayar da shi yaro da furfurarsa ba. Sai dai wanda bai taɓa kwanciya a ɗakin nan ba bai san tsawon wuni ba. A soka maka allura biyu a hannun hagu, a ce kada ka motsa shi, ka kwanta kana kallon jininka yana fita ta tiyo yana dawowa. Duk wani tabo da ke silin ɗin ɗakin sai da Direba ya haddace shi. Ran nan dai ya dubi mai ɗakinsa ya ce, "Miƙo min abin yaran nan." Ya jingina ta da filo a kan cikinsa, ta yi kukanta na farko, tin-tin-tirin, tun daga ranar kuma ba a sake ganin ɗaya ba ɗaya ba.

Marigayiya ta zo da wasanni iri-iri a cikinta. Ana cewa a faɗi alherin mamaci, za mu faɗa, amma ba za mu ce duk abin da ta ɗauko nagari ne ba.

Tseren mota Direba ya fara buɗewa, kowa ya san dalili. Ya yaba ƙugin injin, ya yaba yadda hanya ke buɗewa a gabanka, bishiyoyi na gudu baya, har ka manta a kwance kake. Abin da ya kasa yafewa shi ne motar ba ta da nauyi. Ka daki dutse da gudu, ta wuntsila, ta miƙe ko ƙwarzane babu. "Wanda ya ƙera wannan bai taɓa sauko gangara da kaya ba," in ji shi. Ga shi wasan hannu biyu yake so. Ranar da ya manta ya kai hannun hagu zai sha kwana, allura ta goce, injin wanki ya ɗauki ƙara, Nas ta shigo a guje. Abin da ta faɗa masa ba zai shiga cikin sanarwa ba.

Ƙwallo ita ta fi haɗa kan mutane. 'Yar Tafi kan zaga gado-gado, kowa ya taɓa, ɗakin da ba ka jin komai sai gunjin inji ya kaure da ihu. Aibinta mai tsaron gida ne, wanda ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa yana kallon sama, da mai sharhi da bai san komai ba sai maimaita magana ɗaya. Mahauci, mai gado na biyu, ya taɓa shan kashi ana dab da tashi, jininsa ya hau har sai da aka kira likita. Daga nan Nas ta kafa doka: ƙwallo sai an zare allura.

Wasan faɗa yana da ranarsa, ranar da sakamakon gwaji ya fito ba daɗi, mutum na neman wanda zai huce a kansa. Amma bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba. Goggo, tsohuwar da ko harafi ba ta karantawa, runtse ido take yi ta yi ta danna maɓallai, ta kayar da kowa. Ita ce kuma ta kawo ƙarshensa. Idan mutuminka ya faɗi, gilashin kan yi ja, a fara ƙirge a ga ko zai tashi. Goggo ta kalli ƙirgen nan ta ce, "Ku rufe wannan. A ɗakin nan ba a ƙirga wa mutum." Ba wanda ya yi mata musu.

Wasan jera tubala kuwa, yatsa ɗaya ya ishe shi, yana kuma kore tunani kamar yadda tsintsiya ke kore shara. Illarsa ba a cinye shi. Komai iyawarka, tubalan ƙara gudu suke yi har su binne ka, in ka rufe ido kuma ka ci gaba da ganinsu suna saukowa.

Saura wasan gona, wanda dukanmu muka raina. Ba gudu, ba duka, mutanen cikinsa ga surutu, ka shuka abu ka zauna jira. Mai Agogo ne ya gano shi, tsohon da ke gadon kusa da Direba, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran agogon mutane, haƙuri ya zame masa jiki. A hankali ya share fili, ya kafa shinge, ya shuka kabewa, ya sami saniya ya sa mata suna Likita, wai don ba ta zuwa sai ta ga dama. Mu da aka ƙayyade mana ruwan sha, harshe a bushe kamar takarda, sai mu ji 'Yar Tafi tana shaaa, shaaa, yana ban ruwa. "Wanda aka hana mu sha, bari kabewa ta sha," yakan ce. A wasan nan ba wanda ke mutuwa, ba wanda ke bin ka. Mugun halinsa ɗaya ne: in ka daɗe ba ka leƙa ba, shukar sai ta yi yaushi. Ya kama ka ke nan, ba ya saki.

Da jikin Mai Agogo ya fara nauyi, wata rana ya miƙo ta ya ce, "Direba, in ban zo ba, ka ba su ruwa."

"Haba Baba, za ka zo mana."

"Na ce in ban zo ba."

Bai zo ba. Aka canza zanen gadon, aka kwantar da wani. Tun daga lokacin Direba bai shuka sabon abu ba, bai matsar da shinge ko ɗaya ba, ban ruwa kawai yake yi. Ba ya buɗe gonar a gida, ya ce ta ɗakin nan ce, a nan mai ita ya bar ta. Safiyar da duk ya juya wa bango fuska ya ce ya gaji da allura, a ƙyale shi, mai ɗakinsa ba ta roƙonsa. Tsayawa take a bakin ƙofa da jakarsa ta ce, "To, kabewar fa?" Sai ya tashi.

Ciwon ajali ya fara wa 'Yar Tafi da zazzaɓi, bayanta ya riƙa zafi har ba ta riƙuwa. Batirinta ya kumbura, murfin ya ɗaga, Mahauci ya ce ita ma ta kamu da irin namu, ba wanda ya yi dariya. Wani farin layi ya ratsa gilashinta. Ta koma ba ta rayuwa sai a jikin caja, mu a jikin namu injin, ita a jikin nata. Ranar ƙarshe Direba ya ba rabin gonar ruwa, ta yi ƙit, ƙit, ta yi duhu. Ya danna. Ya girgiza ta. Ya hura mata iska, ya manna ta a kunne. Har aka gama wankin bai sake ta ba.

An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya ce wuta ta ci inda take ajiye komai. Ya ce akwai irinta sababbi, har sun fi ta kyau. Direba ya tambaye shi ko sabuwar za ta zo da saniya mai suna Likita. Mai gyara ya dubi mai ɗakin Direba, ita kuma ta dubi ƙasa.

A nan ne sanarwar ta yi mana nauyi. Ranar wankin Direba ta zagayo, gadon taga ya wuni ba kowa. Nas ta kira waya bai ɗauka ba. Mai ɗakinsa ta ce ƙafafunsa sun fara kumburi, numfashinsa ya fara sama-sama, ta tsaya a bakin ƙofa da jakar, amma babu sauran kabewar da za ta ambata masa. 'Yarsa ta yi kuka ta ce za ta kawo wata. Ya ce amana aka ba shi, ta mutu a hannunsa rabi jiƙe rabi bushe, me zai je ya ce wa gadon kusa da shi. Duk mun san abin da fashin wanki ke jawowa. Mun ga waɗanda suka yi.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da salatif, da 'yar jakar da mai ɗakin Direba ta ɗinka mata, da filo mai lotsawa a tsakiya. Ta bar Mahauci, ta bar Goggo, ta bar Nas wadda ta fi kowa yi mata faɗa, ta kuma fi kowa neman mata soket. Ta bar Malama, mai gadon bakin ƙofa, wadda aka ɗora wa rubuta wannan.

Ba za a kai ta juji ba. Za a naɗe ta a jakarta, a sa ta a aljihun durowar da ke tsakanin gadon taga da na kusa da shi, Nas ta yarda. Mun ƙi mu yi hakan ba maigidanta, don haka gawar tana hannun Goggo tana jira. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo ruwa ko lemo, su zo da hira mai tsawo, su kuma zo da niyyar zama. Za a yi jana'iza ranar wankin Direba mai zuwa, da zarar an sa masa allura, idan ya zo. Mai ɗakinsa ta ce zai zo. Shi dai ya sa an sassauta masa igiyar takalmi, ko ƙafar da ta kumbura za ta shiga.