Ranar da Farfesa Ya Sa Na Juya Bayana

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na kare kundin digirina na biyu a Libreville ba. Aikina shi ne lissafa, a kwamfuta, yawan makamashin da jikin mutum ke zuƙa daga wayar salula. Ana gina surar mutum, a ɗora masa waya, kwamfuta ta shafa ja a inda ya fi zuƙa.

Surorin da ake da su duk na Turawa ne, ni kuma iyayi ya hana ni amfani da su. Na tuɓe daga ni sai gajeren wando, abokina ya zagaye ni da kyamara, muka gina sura da jikina. A kundin na rubuta "wani namiji baligi". Wandon ya saje da fata, sura ta fito tsirara, ga tumbi, ga kunnuwana masu kama da marfin tukunya. Na ce ba komai, kai kaɗai zan nuna, ta ƙeya.

A nan, sutenans, wato zaman kare kundi, biki ne, dangi ake gayyata. Babana ya ciko taksi uku da 'yan kasuwar Nzeng-Ayong, har da Alhaji Sale, maƙwabcin shagonsa, wanda nake neman 'yarsa Hadiza kuma bai ba da amsa ba tukuna. (Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.) Aka zaunar da shi a layin gaba.

Komai na tafiya daidai, har na fara jin kaina. Sai shugaban juri, wato kwamitin masu jarraba ni, wani tsohon farfesa, ya ce, "Ai ba a kunne waya ke yini ba. Ka lissafa na aljihu?"

Na lissafa, kaicona. Da aljihun baya ma, inda nake sa tawa.

"Nuna mana jikin duka."

Na danna. Ga ni a bango, tsawon ƙofa biyu, ba ko zare. Babana ya gyara hula.

"Juya mana shi."

Da hannuna na juya surar tawa. Ja ya taru a mazaunin dama, jajir. Farfesa ya tashi da sandarsa yana zagaye wurin, yana bayanin yadda kitse da tsoka ke zuƙa daban-daban, ya ƙara da cewa wannan bawan Allah dai kitse bai yi masa rowa ba. Minti goma muna kan mazaunin nan. Na roƙi Allah a ɗauke wuta, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Sai na ji Alhaji Sale, da raɗar da ta kai layin ƙarshe: "Alhaji, wannan ba yaron wajenka ba ne?"

Babana ya ce, "Kama ce."

"Har kunnen?"

Na ci jarrabawa da yabo, amma na riga na haƙura da Hadiza. A bakin ƙofa na durƙusa zan gaishe da Alhaji Sale, kaina a ƙasa.

"Ɗana, karatu ya yi," in ji shi. "Ku turo manya. Amma don Allah wayar nan, a mai da ita aljihun gaba."

Na koyi darasi: in bincike ya buƙaci jiki, a ari na wanda surukinsa ke wata ƙasa. Yau 'ya'yanmu biyu da Hadiza, kuma har yanzu in na gaishe da Alhaji Sale, da baya da baya nake fita daga falonsa. Kowa na yaba ladabina.