Allurar da Ta Shiga Ja

Tsufa ya fara cinye mini tunani, amma wannan ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na daɗe ina kula da injin tura ruwa a madatsar ruwa ta Tagwai kafin in koma shara da goge-goge a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Minna. Abu ɗaya na haddace a tsohon aikina: in allurar agogon matsi ta shiga ja, buɗe bawul ka saki matsin, kada ka jira kowa.

A ɗakin akwai na'ura mai haska abu da eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, sai dai ita cikin ƙwayoyin dutse take leƙawa. Wata ɗaliba, Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ta zuba garin yumɓu da ruwa a wata 'yar tukunyar ƙarfe kamar gwangwanin madara, ta matse su da ƙarfi. Wata uku suna haka, tana jiran ranar haskawa. Da sakamakon za ta kammala karatunta a shekarar.

Ran nan da hantsi ina goge tebur, sai na ga allurar agogon matsin tukunyar can cikin ja. Na murɗa bawul, abu ya yi "fisss", allura ta kwanta. (Har hamdala na yi, jama'a.)

Kuma ban yi shiru ba. Da Dakta, malaminta, ya shigo tare da ita da baƙi biyu, na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, yau Allah ya kiyaye. Tukunyar nan ta kusa fashewa, ni na sauke ta."

Rifkatu ta dubi agogon, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan ja ɗin fa shi ne aikin nawa."

Dakta ya cire tabarau. "Malam, wa ya aike ka?"

Na tsaya riƙe da tsumma, na rasa inda zan sa idona.

Ba ta kammala a shekarar ba. Abokan karatunta suka tafi, ita ta sake daga farko. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kullum sai ta gaishe ni, kuma da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sabuwar tukunyar dai ta liƙa mata takarda, da Hausa don ni: "Baba, don Allah kada ka taimaka."

Tun daga nan na gane taimako ma sai da izini. Yanzu ko miyar maiɗakina na ga tana zuba a wuta, daga bakin ƙofa nake tsayawa in kira ta.