Maki Ɗaya da Madubin Mahaifiyata

Zuwa ga Mai Girma Oganik Kemistiri na Aji Huɗu, Uban Darussa, Mai Mayar da Gwani Ɗan Koyo, Mai Sa wa Yaro Furfura Tun Gemu Bai Fito ba.

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya sha wuya a hannunka sau uku bai daddara ba, ranka ya daɗe, ni ne ɗalibin nan mai zama kusa da tagar da ba ta rufuwa. Wannan ne zamana na uku a gabanka, dokar jami'a kuma ta ce babu na huɗu. Maki arba'in ake nema, ka ba ni talatin da tara. Na gode ƙwarai, don bara ashirin da biyu na samu, ka ga alherinka ƙaruwa yake yi.

Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Kibiyoyin nan naka masu lanƙwasa, an ce kowace tana nuna inda ƙwayar lantarki ta nufa. Shekara uku ke nan ina bin su sau da ƙafa. Ni ina suka kai ni?

Na biyu. Awa shida na yi a tsaye a ɗakin gwaji ina tafasawa ina tacewa. Littafi ya yi alkawarin farin gari cikin cokali, ni kuwa wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa, na tarar a gindin kwalba. Mai kula da ɗakin ya leƙa, ya shinshina, ya ce in wanke masa kwalbarsa kafin in tafi. Amma ban raina ba: albarkacin warin rigata, kujera biyu ake bar mini a motar haya.

Na uku, kuma shi ne ya kawo ni. Kai ka koya mana cewa wasu ƙwayoyin sinadari tagwaye ne kamar tafin hannu, komai nasu ɗaya, sai dai wannan na dama, wancan na hagu. Farfesanka ya ɗaga samfurin ƙwayar da aka yi da roba yana fuskantarmu, ya ce reshen nan dama yake, yana nunawa da hannunsa. To damansa ai hagunmu ne, ranka ya daɗe! Ni kuwa bahago ne. Tun ina ƙarami ake ƙwace cokali daga wannan hannu a mayar wancan, har yau in aka ce dama sai na tsaya na yi shawara. A jarrabawa na bi matakai goma sha ɗaya ba tuntuɓe, a ƙarshe na zana ɗan'uwan ƙwayar da aka tambaya, na hagun. Da na je ofis, Farfesa ya ce aikina ya yi kyau, illa dai na daman ne ke warkar da ciwo, nawa kuwa marar lafiya zai sha ya ci gaba da jinya. Na ce ai ba wanda zai haɗiye takarda. Ya nuna mini ƙofa, da hannun hagu.

Na huɗu. Mahaifiyata tela ce. Tuni ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye mu, suna nan rataye cikin leda a bayan ƙofar shagonta, duk wanda ya kawo ɗinki sai an nuna masa. Ban faɗa mata na faɗi ba. Tsoro nake ji, wannan kam babu zolaya a ciki.

Wane ni in roƙi a ƙara mini maki? Abin da nake nema kawai, a ɗora takardata gaban ƙaramin madubin da na haɗo da wasiƙar nan. Amsar da kake so tana ciki, cif-cif. Daga shagon mahaifiyata na karɓo shi, na ce mata Farfesa ne ke son aro. Ta goge shi da bakin mayafinta, ta ce a gaishe shi, kuma kada ya wahalar da kansa wajen maidowa, ranar yayewa za ta karɓa da hannunta.

Naka mai biyayya da hannu bibbiyu, musamman na hagun,

Bahago,
kujerar kusa da taga.