Nomau Ya Kai Babansa Gidan Kifi

A wani ƙauyen masunta da ke bakin Kwara, can wajen Yawuri, akwai wani tsohon masunci ana ce masa Malam Jatau. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya biyu: Shu'aibu, direban tirela a wani babban birnin bakin teku, da Nomau, wanda ya zauna gida. Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma rago ba. Cutarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama da ƙasa za su haɗe.

Idon Malam Jatau na dama ya mutu, na hagu kuma sai dishi-dishi. Shu'aibu ya ɗauko su zuwa birni. Likita ya sa Alhamis ranar aiki, bai kuma ɓoye gaskiya ba: aikin ko ya gyara idon, ko ya tafi da ɗan abin da ya rage. Tsoho ya ce roƙonsa ɗaya ne. Ya ji labarin gidan kifi na garin, inda aka tare ruwan teku da gilashi, har da wani kifi da ya fi kwalekwale tsawo. Shekara sittin yana fitar da kifi daga ruwa, bai taɓa ganin yadda suke zaune a gidansu ba, yana so ya gani kafin Alhamis. Shu'aibu ba shi da halin ajiye mota, sai rakiyar ta faɗo kan Nomau. Rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki.

Wata rana, Litinin ce, Shu'aibu ya sauke su a ƙofar gidan kifin, ya ce, "Nan ba kasuwar ƙauye ba ce. Kada ka sha gaban kowa."

"To, Yaya."

Nomau ya hangi wani mutum tsaye jikin bango, ya ja babansa suka tsaya a bayansa. Jama'a na ta shiga, su suna nan. Rana ta take, tsoho ya gaji da tsayuwa.

"Nomau, layin nan ba ya tafiya ne?"

"Na gabanmu bai motsa ba, Baba."

Ina zai motsa? Mai sayar da rake ne, nan ne wurin sana'arsa. Sai da aka rufe ƙofa ya naɗe buhunsa, ya tambaye su ko rake suke so.

Wata rana, Talata ke nan, suka fara biyawa asibiti aka ɗiga wa tsoho magani. Malamar asibiti ta ce wa Nomau, "Ka kula, kada ruwa ya kusanci idon nan." A ranar sun samu shiga. Suka bi wani dogon zaure na gilashi, ruwa dama, ruwa hagu. Tsoho ya fara lalube da hannu yana murmushi. Sai Nomau ya ɗaga kai ya ga ruwa a bisansu, kifaye na wucewa kamar tsuntsaye. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe kan uban, ya saɓa shi a kafaɗa, ya zura da gudu yana cewa, "Ku ba da hanya!" Mata suka watse, wasu suka ɗauka gilashin ne ya fashe. Bai dire shi ba sai a bakin titi, masu gadi kuma suka hana su komawa ciki ranar.

Malam Jatau bai zage shi ba. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi. Ya dai zauna a gefen kwalta ya ce, "Saura gobe." Nomau ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma bai gane inda ya yi kuskure ba.

Wata rana, Laraba, ita ce ta ƙarshe, Shu'aibu ya riƙe wuyan rigar ƙanensa, idonsa jawur. "Ka kai shi gaban babban kifin. Kada ku ɗaga daga wurin sai ya gan shi da idonsa. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

Suka wuce ƙananan kifaye masu launi kamar atamfa, da wani ɗan mitsitsin kifi mai kai irin na doki, da kunkuru mai girman faifai, har suka isa gilashin da ya kai tsayin bene. Fitilu ko'ina, yara na haska wayoyi. Tsoho ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, hawaye na zuba saboda haske.

"Ka gan shi, Baba?"

"Fari kawai nake gani."

Kifin ma yana can ƙurya, hayaniya ta kore shi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Tsoho ya ce, "Mu tafi, Nomau. Allah bai nufa ba."

"Yaya ya ce sai ka gan shi."

Ƙarfe shida aka buga ƙararrawa, jama'a suka fita. Wani mai gadi, Bahaushe, ya zo ya ce, "Malam, an tashi."

"Bai gan shi ba."

"Ku dawo gobe."

"Gobe za a yanka idon."

Masu gadi suka zama huɗu. Biyu suka kama Nomau, ya zauna daɓas ya rungume ƙarfen da ke gaban gilashin. Ƙarfin masunci mai jan koma ne, suka yi suka yi, ko gezau. Aka ambaci 'yan sanda. Tsoho yana ta ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Babban masu gadin ya fusata ya ce a kashe fitilu, in sun ga duhu sa fita da ƙafarsu.

Aka kashe. Zauren ya yi duhu, ya yi tsit, sai ɗan shuɗin haske daga cikin ruwan. Ashe ƙyallin fitilun ne ke kashe wa tsoho ido tun safe. Shi kuma kifin, da ya ji shiru, ya taso daga ƙurya a hankali, ya bi jikin gilashin, kai ya wuce, ciki ya wuce, wutsiya ba ta iso ba tukuna.

Malam Jatau ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ya bi shi da kai tun daga wannan bango har wancan. "Dubi yadda yake tuƙi da wutsiya, ba ya ko gaggawa. Ashe haka suke in ba mu nan."

Masu gadi suka saki Nomau ba tare da an ce su sake shi ba.

"Ka gan shi, Baba? Da idonka?"

"Na gan shi."

Tsoho ya juyo. Shuɗin hasken ya sauka a fuskar ɗansa, fuskar da ya yi shekara uku bai gani sosai ba. Ya daɗe yana kallo, don bai san ko gobe zai sake ba. Ya kai hannu ya shafa gemun.

"Nomau, yaushe ka yi furfura?"

"Ba wanda ya ce kada in yi, Baba."