Manhajar da Ba Ta da Tarbiyya

Shekara bakwai na yi karatu a ƙasar waje, na dawo gida zama ya ishe ni, sai na samu aikin gwaji na wata ɗaya a wani ɗan kamfanin kwamfuta a Zariya. Aikin da aka ba mu shi ne haɗa wa masu motocin dakon tumatir tsarin da zai karanta saƙon da direba ya turo ta waya, ya tsefe shi, ya fitar da gari da kaya da ranar tashi. Manhaja biyu ke gabanmu. Ta farko ustaziya ce, da ta ci karo da kuskure ɗaya sai ta ja birki, ta ƙi motsi. Ta biyu takan yi wa kuskuren alama ta tsallake, in kuma saƙo ya ɗauki fassara biyu ta riƙe duka har abin da ke gaba ya raba gardama. Ni na zaɓi ta biyu. Na san direbobinmu, da babban yatsa suke rubutu, mota na tafiya.

Mai kamfanin, Injiniya Magaji, ya dube ni sama da ƙasa.

"Abin da ka je ka koyo ke nan? Manhajar da za ta ga kuskure ta kau da kai? Ai wannan ba ta da tarbiyya. Gobe a gwada su a gabana. In tawa, ta farkon, ta ci, watanka ya ƙare ke nan, samari."

Anti Uwani, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin, ita aka ɗora wa tattaro saƙonnin gwaji. Washegari ta zuba guda ɗari. Tawa ta tsefe casa'in da huɗu, ta ware shida ta ce mutum ya duba. Ta Injiniya kuwa ko layin farko ba ta gama ba ta tsaya cak, allo ya yi jawur.

Injiniya ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Ba laifin manhaja ba ne! Dubi wannan shirme, ba kai ba gindi. Wane direba ne ke rubutu haka? Wannan ko aljani ba zai gane ba."

"Ba direba ba ne, ranka ya daɗe," in ji Anti Uwani. "Na direbobi ba su iso ba, sai na kwaso umarnin da kake turo mana a waya."

Ni dai na sunkuyar da kai ina ƙirga igiyar takalmina.

"To in haka ne, ku ya aka yi kuke gane abin da nake nufi?" in ji Injiniya.

Anti Uwani ta ce, "Rashin tarbiyya, ranka ya daɗe. Shekara shida da shi muke riƙe maka kamfani."